Lamba 720,720: Yadda Ake Feɗe Babbar Lamba a Gane Ajinta

A duk lambobin da ba su kai miliyan ɗaya ba, babu wadda ta fi 720,720 yawan lambobin da ke raba ta ba tare da saura ba. Guda 240 ne cif. Wadda ke biye da ita kuwa, 720,721, huɗu kacal ke raba ta. Tazarar ɗaya tak ce a tsakaninsu, amma a halayya sun yi hannun riga. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa girman lamba ba ya faɗin komai a kan halinta. Abin da ke faɗi shi ne irin ginin da ke cikinta, kuma duk sunayen da masana lissafi ke laƙaba wa lamba, wasu daga wannan ginin suke fitowa, wasu kuwa daga yadda muke rubuta ta ne kawai. Bambance waɗannan biyun shi ne rabin aikin.

A fara da tubalan

Lambar firam ita ce wadda ta wuce 1 kuma babu mai raba ta sai 1 da ita kanta: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har ba iyaka. Su ne tubalan da aka gina sauran lambobi da su. Kowace cikakkiyar lamba da ta wuce 1, ko dai firam ce, ko kuma sakamakon ninka wasu firam ce, kuma hanya ɗaya tak ake iya warware ta. Tushen wannan magana yana cikin aikin Yuklid na tsohuwar Girka, amma Gauss na Jamus ne ya kafa mata cikakkiyar hujja a 1801.

Ana warwarewar ne daga ƙasa. A raba da 2 har sai ta ƙi: 720,720 ta koma 360,360, sannan 180,180, sannan 90,090, sannan 45,045. Sau huɗu ke nan, kuma 45,045 mara ce, don haka an gama da 2. A koma kan 3: jimillar alƙaluman 45,045 ita ce 18, saboda haka 9 na raba ta, a raba da 3 sau biyu a samu 15,015, sannan 5,005. Jimillar alƙaluman 5,005 goma ce, 3 ta tsaya a nan. A raba da 5 a samu 1,001. Ita kuwa 1,001 sananniya ce, 7 × 11 × 13. Ga ginin ya fito fili:

720,720 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 13

Ƙaramin alƙalamin da ke saman 2 da 3 za mu kira shi hawa, wato sau nawa firam ɗin ta shiga ginin. Firam shida ne mabambanta, kuma in aka ƙirga da maimaici, goma ne.

Mai ido zai iya yanke hanya. Duk lambar da alƙaluma ukunta suka maimaita kansu, kamar 720 da 720 a nan, alƙaluman nan uku ne aka ninka da 1,001. Sai a warware 720 daban, 1,001 daban. Inda masu koyo ke yawan tuntuɓe shi ne barin firam tun ba ta ƙare ba: a raba da 2 sau biyu, a tsallaka zuwa 3, a manta cewa da sauran 2 a ciki. Maganinsa shi ne a sake ninka abin da aka samu a ga ko ya dawo da lambar farko: 16 × 9 = 144, sau 5 ya ba da 720, sau 1,001 ya ba da 720,720.

Daga ina 240 ta fito

Ba sai an zauna ana gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Duk lambar da za ta raba 720,720 dole a gina ta daga waɗannan firam shida, kuma ba za ta ɗauki fiye da abin da ke akwai ba. A wajen 2, zaɓi biyar ne: kada a ɗauka sam, ko a ɗauki ɗaya, biyu, uku ko huɗu. A wajen 3, zaɓi uku. Sauran huɗun kowacce zaɓi biyu, a ɗauka ko a bari. A ninka zaɓuɓɓukan: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Dokar ke nan, a ƙara 1 a kan kowane hawa sannan a ninka. Wanda ya manta da ƙarin 1 ɗin nan zai samu 8, ya yi nisa da gaskiya, domin ya jefar da zaɓin "kada a ɗauka".

Akwai wani kuskure da ya fi wannan ɓoyuwa, kuma yana kama har waɗanda suka ɗan ƙware. Lamba 720 tana da masu raba ta 30, 1,001 tana da 8, kuma 30 × 8 = 240. Daidai. Sai mutum ya ɗauka ko ta ina ya tsaga lambar gida biyu dabarar za ta yi aiki. To a gwada: 720,720 = 840 × 858. Lamba 840 tana da 32, 858 tana da 16, ninkinsu 512, fiye da ninki biyu na amsar gaskiya. Dalili shi ne 840 da 858 sun yi tarayya a 2 da 3, don haka an ƙirga lambobi da yawa fiye da sau ɗaya. Lamba 6 misali, tana iya fitowa daga 6 × 1, ko 1 × 6, ko 2 × 3, ko 3 × 2. Dabarar tana aiki ne kawai idan ɓangarorin biyu ba su haɗa firam ko ɗaya ba, kamar 720 da 1,001. Wannan sharaɗin ya shafi kusan duk lissafin da zai biyo baya.

Masu raba lamba suna zuwa ne biyu-biyu: 1 da 720,720, 2 da 360,360, 3 da 240,240, har a iso tsakiya inda 840 da 858 suka yi kusa da juna. Ma'aurata 120 ke nan. Da lambar murabba'i ce, wato wata lamba sau kanta, da ta tsakiyar ta auri kanta, adadin ya zama mara. Tunda 240 cika ce, mun san 720,720 ba murabba'i ba ce tun kafin mu duba cewa ta faɗo tsakanin 848 × 848 = 719,104 da 849 × 849 = 720,801.

Domin a ji nauyin 240 ɗin, matsakaicin yawan masu raba lambobi masu irin wannan girma bai wuce 15 ba.

Ajin da Ramanujan ya ware

A 1915 masanin lissafin nan na Indiya, Srinivasa Ramanujan, ya fitar da dogon nazari a kan lambobin da kowaccensu ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu rabawa. Jerin ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, kuma 720,720 ita ce ta 38. Wadda ta gabace ta ita ce 665,280 mai 224, wadda ta biyo ta kuwa 1,081,080 mai 256. Ke nan ita ce ta ƙarshe kafin miliyan.

Wannan aji ya bambanta da abin da muka yi a sama. Warwarewa kaɗai ba ta isa ta shigar da lamba cikinsa ba, sai an gwada ta da duk na ƙasa da ita. Amma ginin yana tace 'yan takara sosai, ta sharuɗɗa biyu. Na farko, dole firam ɗin su zo a jere daga 2 ba tsallake. Na biyu, hawa ba zai ƙaru ba yayin da firam ke girma. Hujjar duka biyun guda ce, kuma mai sauƙi: yawan masu rabawa bai damu da wace firam ce ba, hawa kawai yake kallo. In lamba ta ɗauki 17 ta bar 13, sai a cire 17 a sa 13, a samu ƙaramar lamba mai adadi iri ɗaya. Ga misali a zahiri: 942,480 = 2⁴ × 3² × 5 × 7 × 11 × 17. Ita ma 240 gare ta, amma 720,720 ta riga ta. Haka 831,600 da 982,800 da 997,920, dukkansu 240 ne, dukkansu sun makara. Shi ya sa ba daidai ba ne a ce 720,720 ce kaɗai mai 240 a ƙasa da miliyan. Ita ce dai ta farko, kuma ba wadda ta wuce ta.

Abin da ya fi daɗin kallo shi ne cinikin da aka yi tsakanin 665,280 da ita. Ginin 665,280 shi ne 2⁶ × 3³ × 5 × 7 × 11. A sallama 2 guda biyu da 3 guda ɗaya, wato 12, a karɓo 13. Lambar ta ƙaru da kashi ɗaya cikin sha biyu kawai. A wajen zaɓi kuwa, na 2 ya sauko daga 7 zuwa 5, na 3 daga 4 zuwa 3, amma sabuwar firam ta ninka komai gida biyu: 7 × 4 = 28 ya koma 5 × 3 × 2 = 30. A ninka da 8 na sauran ukun, 224 ta koma 240. Duk jerin Ramanujan a kan irin wannan awo yake tafiya: yaushe ƙara hawan ƙaramar firam ya daina biya, har shigo da sabuwa ya fi riba. Ƙara 2 ta farko yana ninka adadin gida biyu, ta biyu tana ƙara rabi, ta biyar kuwa kashi ɗaya cikin biyar kawai, alhali kowacce ninka lambar take gida biyu. Akwai lokacin da 13, duk da tsadarta, ta fi arha.

Ramanujan ya kuma tace wani ƙaramin jeri daga cikin wannan, na waɗanda suka fi fice idan aka auna yawan masu rabawa da girman lambar: 2, 6, 12, 60, 120, 360, 2,520, 5,040, 55,440, sai 720,720 ta goma.

Wata siffa da ke tafe da wannan: ita ce mafi ƙanƙantar lamba da duk lambobi daga 1 zuwa 16 ke rabawa. Lamba 16 ce ta tilasta 2⁴, 9 ta tilasta 3², sauran kuma 5, 7, 11 da 13. Su 6, 10, 12, 14 da 15 ba su kawo sabon abu ba, don an riga an tanadi kayansu. Wanda ya ninka 1 zuwa 16 gaba ɗaya zai samu 20,922,789,888,000, wadda ita ma duk suna raba ta, amma ɓarna ce. In aka tsaya a 15, 360,360 ta wadatar. In aka matsa zuwa 17, sai an tafi 12,252,240, domin 17 ba ta raba 720,720, tana barin saura 5. Amfanin wannan yana fitowa wajen tara ɓangarori: a haɗa ɗaya, da rabi, da sulusi, da rubu'i, har zuwa ɗaya bisa 16, amsar ita ce 2,436,559 bisa 720,720.

Jimillar masu rabawa

Tun wajen shekara ta 100 miladiyya masanin lissafi Nikomakus ya kasa lambobi gida uku ta hanyar tara masu raba su, ban da lambar kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar, kamila ce, kamar 6, 28, 496 da 8,128. In ta gaza, mai naƙasu ce, kamar kowace firam. In ta zarce, mai yalwa ce, kuma 12 ce ta farko.

Ba a tara lambobi 240 da hannu. A tara hawan kowace firam daban: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, sai 1 + 3 + 9 = 13, sai 6, 8, 12 da 14. A ninka su: 31 × 13 = 403, sau 6 ya ba da 2,418, sau 8 ya ba da 19,344, sau 12 ya ba da 232,128, sau 14 ya ba da 3,249,792. Wannan jimillar ta haɗa da lambar kanta. A ɗebe 720,720, saura 2,529,072, fiye da ninki uku da rabi. Mai yalwa ce ƙwarai. A nan ma a kula, domin wasu suna gwada cikakkiyar jimillar da lambar kai tsaye ba tare da ɗebewa ba, kuma ta wannan hanyar kowace lamba da ta wuce 1 za ta fito mai yalwa, har firam.

Ana kuma tambaya ko za a iya zaɓo wasu daga cikin masu rabawar a tara su su ba da lambar daidai. Ba kowace mai yalwa ke yarda ba, 70 ce ta farko da ta ƙi. Ga tamu kuwa abin a bayyane yake: rabinta da sulusinta da sudusinta, 360,360 + 240,240 + 120,120 = 720,720. Kowace lamba da 6 ke rabawa, haka take. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne kowace lamba daga 1 har zuwa 3,249,792 ana iya samar da ita ta tara wasu daga cikin 240 ɗin nan ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Gwajin yana bin firam a jere: kowace sabuwar firam kada ta wuce jimillar da aka riga aka tara da ƙarin ɗaya. Lamba 3 ba ta wuce 32 ba, 5 ba ta wuce 404 ba, daga nan kuwa tazarar sai ƙara faɗi take.

Yanzu a raba cikakkiyar jimillar da lambar: 3,249,792 bisa 720,720 ya ba da 248 bisa 55, kimanin 4.509. Babu lambar da ke ƙasa da ita da ta kai wannan awo, kuma irin waɗannan lambobi ne Alaoglu da Erdős suka yi nazarinsu a 1944. A nan ne wannan lamba ta taɓa ɗaya daga cikin manyan matsalolin lissafi da har yanzu ba a warware ba, wato hasashen da Riemann ya yi a 1859 game da yadda firam suka bazu cikin lambobi. A 1984 Guy Robin na Faransa ya tabbatar cewa hasashen gaskiya ne idan, kuma sai idan, wannan awo bai taɓa kai wata iyaka ba ga duk lambar da ta wuce 5,040. Iyakar ita ce logaridim na logaridim ɗin lambar, a ninka da kimanin 1.781 (logaridim ɗin lamba shi ne hawan da za a ɗora wa kimanin 2.718 a samu lambar). Ga 5,040, awon 3.838 ne, iyakar 3.817, ta ƙetare. Ga 720,720, logaridim ɗinta 13.488, nasa kuma 2.602, iyakar ta zama 4.634. Awonta 4.509 yana ƙasa, amma ba da nisa ba. In har akwai lambar da za ta rusa hasashen ta wannan hanya, a cikin dangin nan masu tsananin yalwa za a fara samun ta. Wannan, a ganinmu, shi ne dalili mafi ƙarfi na ɗaukar rabe-raben nan da muhimmanci.

Lambobin da ba su haɗa komai da ita ba

Daga 1 zuwa 720,720, lambobi nawa ne ba su yi tarayya da ita a firam ko ɗaya ba? Euler ne ya kafa wannan ƙirga, kuma ana yin ta kamar tankaɗe. A zubar da duk cika, saura rabi, 360,360. A zubar da sulusin da 3 ke rabawa, saura 240,240. Huɗu bisa biyar na wannan, 192,192. Shida bisa bakwai, 164,736. Goma bisa sha ɗaya, 149,760. Sha biyu bisa sha uku, 138,240. Sau ɗaya ake yi wa kowace firam, komai hawanta. Wanda ya raba da 2 sau huɗu don ya ga 2⁴ ya zubar da abin da babu.

Ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar suka tsira, kuma bayan 1 sai an je 17 kafin a samu ta gaba. Euler ya nuna cewa duk wadda aka ɗauko daga cikinsu aka ninka ta da kanta sau 138,240, aka raba da 720,720, saura 1 ne. Amma ba sai an yi wannan doguwar tafiya ba. A duba hawan da kowane ɓangare ke buƙata domin saura ya dawo 1: 16 na buƙatar hawa 4, 9 na buƙatar 6, 5 na buƙatar 4, 7 na buƙatar 6, 11 na buƙatar 10, 13 na buƙatar 12. Ƙaramar lambar da duk waɗannan ke rabawa ita ce 60. Don haka 17⁶⁰, ko 19⁶⁰, ko 101⁶⁰, kowacce in aka raba ta da 720,720 saura 1 ne.

Irin wannan lissafi ne ke bayyana ɗaya bisa 720,720 idan aka rubuta ta da ɗigo: 0.0000 013875 013875, haka ba ƙarewa. Alƙaluma huɗun farko da ba sa maimaituwa, 2⁴ ce ta jawo su. Zagayen shida kuwa daga 7 da 13 ya fito, domin 9,009, abin da ya rage bayan cire 2 da 5, tana raba 999,999 sau 111 cif.

Idan aka koma tarawa

Ba za a iya rubuta 720,720 a matsayin jimillar murabba'i biyu ba. Dokar da ta samo asali daga Fermat da Euler ta ce duk firam da ke barin saura 3 in an raba ta da 4, dole hawanta ya zama cika. Lamba 3 ta tsallake da hawa biyu, amma 7 da 11 hawa ɗaya-ɗaya gare su, magana ta ƙare. Murabba'i uku kuwa yana yiwuwa. Sharaɗin Legendre shi ne a cire duk 4 da ke cikin lambar, in abin da ya rage ya bar saura 7 a rabon 8, ba ya yiwuwa. An cire 16, saura 45,045, wadda ke barin 5. Ga shi kuwa: 848² + 40² + 4², wato 719,104 + 1,600 + 16.

A matsayin jimillar lambobi masu bin juna, hanyoyi 47 ne, domin masu raba ta da suke mara 48 ne, kuma ana cire ɗaya. Mafi gajarta ita ce 240,239 + 240,240 + 240,241. Mafi tsawo tana farawa daga 47 ta ƙare a 1,201, lambobi 1,155.

Abin da ya rataya a kan rubutu kawai

Jimillar alƙalumanta 18 ce, kuma 18 na raba ta sau 40,040, don haka ta shiga ajin da Kaprekar na Indiya ya kira Harshad. Tana kuma da maimaicin 720 da 720. Waɗannan siffofi ne na ƙirgar goma-goma da muka saba, ba na lambar ba. A ƙirgar biyu-biyu ta kwamfuta ita ce 10101111111101010000, a ta sha shida-sha shida kuma AFF50, maimaicin ya ɓace. Sifiri huɗun da ke ƙarshen rubutun biyu-biyun su ne 2⁴ ɗin nan, kamar yadda sifiri ɗaya na ƙirgar goma ya nuna cewa 5 ɗaya ce tak a ciki. Shafukan da ke jero halayen lamba sukan zuba waɗannan da na sama a layi ɗaya kamar darajarsu guda, kuma hakan yana ruɗa mai koyo. Gwajin mai sauƙi ne: in an sauya tushen ƙirga siffar ta tafi, ta rubutu ce.

Maƙwabta

Tunda 2 zuwa 16 duk suna raba 720,720, to 720,722 tana rabuwa da 2, 720,723 da 3, har 720,736 da 16. Haka ma ta baya, har 720,704. Biyu ne kawai ba a san halinsu daga nan ba, 720,719 da 720,721, kuma babu firam ɗin da ba ta wuce 13 ba da za ta raba su. Mutane da dama sai su yanke cewa firam ne, suna kafa hujja da dalilin Yuklid na cewa firam ba su da iyaka, inda ake ninka jerin firam a ƙara ɗaya a samu sabuwar lamba. Kama da wane ba ta wane. Abin da dalilin ya ce shi ne sabuwar lambar tana ɗauke da firam da ba ta cikin jerin, bai ce ita kanta firam ba ce. A zahiri 720,719 = 31 × 67 × 347, kuma 720,721 = 71 × 10,151. Sakamakon haka, lambobi 33 a jere daga 720,704 zuwa 720,736 babu firam ko ɗaya a cikinsu.

Don tantance 720,721 ta hanyar gwaji, ba a buƙatar wuce 848, domin in lamba ta rabu gida biyu, dole ɗayan ya kasance bai wuce tushen murabba'inta ba. Firam 146 ne kawai a wannan zango, kuma 71 ce ta ashirin. Amma akwai hanyar da ba ta buƙatar gwaji. Fermat ya faɗa a 1640 cewa in lamba firam ce da ta wuce 2, a ninka 2 da kanta sau lambar ban da ɗaya, a raba da lambar, saura 1 ne. A nan hawan shi ne 720,720, kuma sauran da ya fito 413,434 ne. Ba 1 ba ne, don haka tabbas ba firam ba ce. Akasin haka ba tabbas: 341, wadda take 11 × 31, tana ba da 1 a wannan gwaji, 561 kuma tana ba da 1 ga kowace lamba da ba ta haɗa firam da ita ba.

A aikace ba a taɓa rubuta 2 mai hawa 720,720 gaba ɗaya, domin alƙalumanta sun haura dubu ɗari biyu. Ana ninka saura da kansa ne, a rage da rabo a kowane mataki, matakai kusan ashirin na murabba'i da 'yan ƙarin ninki. Mai rubuta wannan a kwamfuta ya kula da ma'ajin lamba: mai bit 32 (wato gurbin alƙaluma 32 na ƙirgar biyu-biyu) da alamar ɗebewa yana tsayawa a 2,147,483,647, alhali 720,720 sau kanta ta kai 519,437,318,400. A yarukan kwamfuta da dama ba a ba da gargaɗi, lambar takan zagayo ta ba da amsar banza. Sai a yi amfani da mai bit 64.

Sauran nan 413,434 bai gama aiki ba. A ɗebe 1, a nemo babbar lambar da ke raba 413,433 da 720,721 duka biyu ta hanyar Yuklid ta maimaita rabo: amsar 71 ce, domin 413,433 = 71 × 5,823. Dalili shi ne 71 ban da ɗaya 70 ce, wato 2 × 5 × 7, kuma 70 na raba 720,720, don haka ta ɓangaren 71 saura ya dawo 1. Ita kuwa 10,151 ban da ɗaya 10,150 ce, mai ɗauke da 25 da 29, waɗanda babu su a ginin, sai ta ƙi dawowa. Wannan bambanci ne ya tona 71. A kan wannan dabara John Pollard ya gina hanyarsa ta warware lambobi a 1974: a zaɓi hawa mai cike da ƙananan firam, irin 720,720 ko wadda ta fi ta, a jefa wa lambar da ake son fasawa. Shi ya sa a tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda aka fitar a 1977 kuma ya dogara da wuyar warware ninkin manyan firam biyu, firam ɗin da lambar da ke ƙasa da ita da ɗaya ta ƙunshi ƙananan firam zalla ba ta da aminci, komai yawan alƙalumanta.